Farfesa ne, amma na ido ne: yadda aikin likita ya rarrabu

Bara da damina ƙafafun Gwaggo suka kumbura har silifa ta daina shigarta. Bayan la'asar aka zauna a zauren gidanmu na cikin birni ana shawarar inda za a kai ta. Kawu ya ce ƙoda ce, don haka ciwon wani abokin kasuwarsa ya faro. Daga cikin gida Yaya ta aiko yaro ya ce wai hanta ce. Wani ya ce a fara gwada rubutu tukuna. Can ƙanena ya kashe maganar, ya ce akwai wani babban farfesan likita da suke haɗuwa a masallacin Juma'a, shi za a je wa kai tsaye, a bar ɓata lokaci wajen ƙananan likitoci.

Washegari ni da Kawu muka same shi a gida. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ni fa ido nake dubawa. Rabona da mai kumburin ƙafa tun ina ƙaramin likita. In na rubuta mata magani na cuce ta. Ku kai ta inda ake fara ganin kowa da kowa, su za su san hannun da ya dace da ita." Kawu ya fito yana ƙunƙuni, wai girman kan 'yan boko ne, in ba haka ba yaya za a yi farfesa guda ya ce bai san maganin kumburi ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Kawun nan bai taɓa kai karaya wurin wanzami ba, bai kuma taɓa kiran maɗori ya yi wa yaro kaciya ba. Tun kafin a kafa asibiti a ƙasar Zazzau mun san sana'ar magani rassa gare ta. Wanzami na da aska da ƙaho, maɗori na da karansa da tsummansa, ungozoma tana ɗakin mai naƙuda, mai maganin maciji daban, mai maganin iska daban. Babu wanda ke ganin gazawar ungozoma don ba ta iya ɗori ba. Amma da zarar mun shiga asibiti sai ilimin nan ya gudu, duk mai farar riga ya zama "likita", tun daga mai ba da kati har wanda ke buɗe ƙwaƙwalwa. Girma kawai muke aunawa, wane ne babba wane ne ƙarami, alhali tambayar da ke da amfani ita ce, na mene ne?

Kusan kowane likita a Najeriya hanya ɗaya ya fara bi. Shekara shida a jami'a, inda ya taɓa kowane fanni kaɗan-kaɗan. Sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, wata uku-uku a sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata. Sai bautar ƙasa. A nan ya zama cikakken likita, yana iya tsayawa haka har ya yi ritaya, kuma ba aibi ba ne. Wanda ke son ƙwarewa sai ya zaɓi fanni ɗaya ya koma asibitin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya yi kamar shekara biyar zuwa bakwai yana aiki dare da rana yana karatu, ya haye jarrabawa hawa uku a hannun kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko takwarorinta na Afirka ta Yamma. Sai ya gama wannan ake kiransa kwansaltan. Farfesa kuwa muƙamin jami'a ne, na koyarwa da bincike, ba ya nufin mutum ya haɗiye dukkan fannoni. Akasin haka ma ya fi kusa da gaskiya: gwargwadon nisan da ya yi a ramin da ya zaɓa, gwargwadon yadda ya yi nesa da ramukan wasu.

Muka bi shawarar mai ido. Likitan da ya ga Gwaggo matashi ne, ba zai wuce sa'an ƙanena ba, abin da ya ƙara ɓata ran Kawu. Ya danna ƙaurinta da babban yatsa, ya ɗaga, wurin ya zauna a lotse kamar an danna tuwo. Ya sa ta kishingiɗa ya tsura wa jijiyar wuyanta ido. Ya ce, "Mama, filo nawa kike tadawa in za ki kwanta?" Ta ce ai ta kwana biyu a zaune take barci, in ta miƙe numfashi ke sarƙe ta. Ya auna jini, ya sa aka tsoma 'yar takarda a fitsarinta, ya saurari ƙirji da baya. Cikin minti ashirin ya ce ya fi zargin zuciya, hawan jini na shekaru ne ya gajiyar da ita, ya rubuta gwaje-gwajen da za su wanke ƙoda da hanta daga zargi, ya ba mu takarda zuwa wurin likitan zuciya.

Wannan aikin tantancewa fanni ne mai zaman kansa, ana kiran masu shi likitocin iyali, kuma su ma suna yin horon shekaru har su zama kwansaltan. A ganina su ne aka fi rainawa, kuma su ne ɗan hakin nan da ke tsone ido. Dalili kuwa, marar lafiya ba ya zuwa da sunan cuta, da kuka yake zuwa. Kumburin ƙafa na iya zama zuciya, ko ƙoda, ko hanta, ko ƙarancin jini, ko juna biyu, ko ma illar wani maganin hawan jini. Kawu da Yaya duk ba su yi wauta ba, kowa ya kama ɓangaren gaskiya ne. Wanda ya tsallake ƙofar farko ya zaɓar wa kansa ƙwararre, caca ya yi da kuɗinsa da lokacinsa. Yawancin abin da ke kai mu asibiti ma, zazzaɓi, gudawa, hawan jinin da bai yi ɓarna ba, ciwon suga da ke bin magani, a hannun likitan iyali yake ƙarewa ba sai an tura kowa ko'ina ba.

In an wuce ƙofar farko, rabon da ya fi girma shi ne tsakanin masu magani da masu wuƙa. Kusan kowace gaɓa ta jiki tana da mutum biyu, ɗaya na bi da ƙwaya da allura, ɗaya na bi da tiyata, kuma Hausa ta ba su suna ɗaya. Nan ruɗanin yake.

Ɗauki ƙoda. Akwai likitan da ke lura da aikin ƙodar kanta, wato tace jini. Shi ke karɓar wanda hawan jini ko suga ko yawan shan magungunan kashe ciwo da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba suka kashe wa ƙoda. Shi ke sa wa a yi wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kamar awa huɗu kowane zama, abin da ke cinye gona da gida in ciwon ya daɗe. Akwai kuma likitan tiyatar hanyar fitsari. Nasa shi ne tsakuwar ƙoda, fitsarin jini, da dattijon da fitsari ya tsaya masa cikin dare saboda kumburin ƙullin nan da ke wuyan mafitsarar maza, har sai an sa masa roba. In za a yi dashen ƙoda, kamar yadda asibitin Malam Aminu Kano ya fara a 2002, su biyun ne ke haɗuwa, ɗaya ya dasa, ɗaya ya ci gaba da rainon ƙodar har ƙarshen rayuwa.

Zuciya ma haka. Wanda Gwaggo ta gani ba ya yanka. Na'urar hoton zuciya yake ɗorawa a ƙirji ya ga yadda take matsawa da saki, ya daidaita magungunan rage ruwa da na sauƙaƙa mata aiki. Mai buɗe ƙirji ya gyara ƙofar zuciya ko ya toshe hujin da aka haifi yaro da shi wani mutum ne daban, kuma irinsu ƙalilan ne a ƙasar nan, shi ya sa ake yawan jin an yi Indiya ko Misira. Ciki kuwa, akwai mai zura kyamara ta baki ya ga gyambo da idonsa, shi ne kuma yawanci ke riƙe da masu ciwon hanta, sannan akwai likitan fiɗa na gama-gari mai cire afendis, ya gyara ƙaba, ya cire maƙoƙo, ya ɗinke hanjin da taifot ya huda. Tun da na ambaci gyambo bari in ɗan ratse. A Zariya duk wanda ƙirjinsa ya yi zafi olsa gare shi, duk wanda jikinsa ya mutu taifot ne, mai kemis ya tabbatar masa. Akwai masu shan farin maganin olsa wata da watanni alhali zuciya ce ke kuka, ko hanta.

Inda kalma ɗaya ta fi yin ɓarna shi ne "likitan ƙwaƙwalwa". Mutum uku ne a ƙarƙashinta, kuma ayyukansu sun sha bamban. Na farko likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa mai bi da magani. Nasa ne farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki, karkarwar tsufa, ciwon kai na ɓari ɗaya da ya ƙi ji. Na biyu mai tiyata, wanda ake nema in ɗan acaɓa ya bugu a ka jini ya taru, ko ƙari ya fito a ƙwaƙwalwa, ko jariri kansa na ta girma saboda ruwa, ko ƙashin baya ya danne laka. Na uku likitan tunani da ɗabi'a, wanda muka laƙaba wa "likitan mahaukata" muka kuma toshe wa kanmu hanyar zuwa wurinsa. Alhali mafi yawan masu zama a layinsa ba su taɓa tsintar leda a bola ba. Mai jego ce da ta daina barci ta tsani jaririnta, magidanci ne da damuwa ta hana shi fita kasuwa, matashi ne da sholisho ko maganin tari ya kama. Akwai sashensu a Shika, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Farfaɗiya kuwa ba hauka ba ce, ba ta kuma yaɗuwa ta yawu kamar yadda aka tsorata mu muna yara. Tartsatsin lantarki ne a ƙwaƙwalwa, kuma yawancin masu ita in suka dage da magani faɗuwar na tsayawa.

Shanyewar ɓarin jiki ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, don ita ce ke nuna lokacin da ba a neman ƙwararre da suna. In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, sashen gaggawa ake nufa a take, ba gidan farfesa ba, ba kuma a jira gari ya waye. Iri biyu ce: ko jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe. A ido kamarsu ɗaya, sai hoton kai ke rabewa, kuma maganin da ke tsinka jini ya taimaki na farko shi ne zai ƙara wa na biyu zubar jini. Wanda ya ɗura wa marar lafiya asfirin a gida kafin hoto bai san wanne ya taimaka ba.

Wasu fannonin ba da gaɓa aka yanka su ba, da irin mutumin aka yanka. Likitan yara bai zama daban don yara na kuka ba. Jikin yaro ba na babba ne da aka rage ba: da nauyinsa ake auna masa magani, gudawar kwana ɗaya na iya ƙarar da ruwan jikinsa, kuma ba ya iya cewa ga inda ke masa ciwo. A cikinsu akwai masu jarirai zalla, su ne ke sa bakwaini a kwalba, su sa mai shawara a ƙarƙashin shuɗiyar fitila kafin ta taɓa ƙwaƙwalwa. Zariya na da tsohuwar alaƙa da wannan fanni. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya taso a Wusasa ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, likitan yara ne, kuma har yau iyaye mata na cikin birni sun san hanyar cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau. Wusasar nan dai ita ta ba Arewa likitanta na farko, Dokta Barau Dikko, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa.

Likitan mata aiki biyu ya haɗa: ciki da haihuwa, sannan cututtukan mahaifa, irin su ƙari, rashin haihuwa, rikicewar al'ada, da dajin bakin mahaifa. Yana rubuta magani, yana kuma riƙe wuƙa. Haihuwa lafiyayya ta ungozomar asibiti ce, shi ana kiransa ne in jini ya ɓalle, ko jijjiga ta zo, ko naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Abin da duniya ta sani game da haɗarin haihuwa a irin ƙasashenmu, wani babban kaso a garin nan aka rubuta shi. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne mace-macen sun taru ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai an kwana biyu ana fama a gida ake kawo su. Doguwar naƙudar nan ita ce kuma uwar yoyon fitsari, wanda gyaransa ya zama ƙwarewa ta musamman, da babbar cibiyarsa a Babbar Ruga ta Katsina.

Wani binciken na Zariya ya fi nuna yadda fannoni ke cin karo da juna. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa makonni kaɗan bayan haihuwa, su zo da kumburi da haki. Suka danganta abin da al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai cika jiki da gishiri. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna labarin bai tsaya nan ba, akwai hannun talauci da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jiki. Abin lura gare mu shi ne, ga mace ta haihu, kowa zai ce matsalar ta likitan mata ce, nan kuwa ta likitan zuciya ce. In aka ce kumburin jego ne zai saɓe da kansa, ana iya rasa ta.

Sauran na gaɓoɓi sunansu ya bayyana su, sai dai kowanne yana da abokin takara a gargajiyance, kuma sau da yawa gyaran ɓarnar abokin takarar ne ke cin lokacinsa. Likitan ƙashi, ko a Shika ko a asibitin ƙashi na Dala a Kano, ya saba karɓar yaron da aka ɗaure wa karaya tamau har jini ya daina zagayawa, hannu ya yi baƙi, ƙaramar karaya ta koma yanke hannu. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro na karɓar jaririn da aka cire wa belu jini ya ƙi tsayawa. Likitan ido na karɓar tsohon da masu yawo suka kwantar wa da yanar ido da tsinke, suka tura ta cikin ido maimakon cire ta. Yana kuwa aikinta gajere ne a asibiti, a cire a sa sabon gilashi a ciki, gani ya dawo. Wadda ba ta dawo da abin da ta ci ita ce gilakoma, hawan jinin ido inji mutane, mai cin gani daga gefe a hankali ba tare da ciwo ba. Kaduna na da cibiyar ido ta ƙasa da ta kunne. Mu kuma a nan muna da Saye, cibiyar tarin fuka da kuturta, inda aikin likitan huhu da na fata ke haɗuwa. Likitan haƙori shi tun daga jami'a hanyarsa daban ce, digirinsa ma daban, kuma a cikinsu akwai masu tiyatar muƙamuƙi da fuska, su ne ke haɗa haɓar wanda ya yi hatsari.

Akwai kuma likitocin da marar lafiya zai shiga asibiti ya fita bai san sun taɓa rayuwarsa ba. In aka yi wa mutum aiki lafiya, likitan fiɗa ake kai wa goron godiya. Wanda ya sa shi barci, ya karɓi numfashinsa ya riƙe a hannu awa uku, yana kallon bugun zuciya da hawa da saukar jini, ya kuma tashe shi, ko sunansa ba a tambaya. Muna ce masa mai allurar barci kamar allurar ce aikin. Shi ne ke hana cin abinci kafin tiyata, don kada abin da ke ciki ya taso ya faɗa huhu, shi ne kuma galibi ke riƙe da ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai. Na biyu shi ne wanda ake kai wa tsokar da aka yanko. Mace ta ji ƙullutu a nono, likitan fiɗa ya gutsuro kaɗan, amma ba shi zai ce daji ne ko ba daji ba. Wani likita ne a can ɗakin bincike zai yanka tsokar ta fi fatar albasa sirantaka, ya rina ta, ya duba a madubin ƙara girma. Takardarsa ce ke yanke hukuncin ko a cire nono ko a bar shi, shi ya sa sakamakon ke ɗaukar kwanaki, kuma gaggauta shi ba alheri ba ne. Daga nan sai likitan daji ya karɓa, da ƙarin ruwan magani ko gashi da na'ura, kuma Shika na cikin wurare ƙalilan a Arewa da ake zuwa wannan gashin daga jihohi masu nisa. A layin ɓoye ɗin nan akwai likitan jini, mai sikila da dajin jini da ma'ajiyar jini, fanni mai nauyi a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar sikila. Akwai mai shuka ƙwayoyin cuta ya ga maganin da ke kashe su, aikin da ke cin kwana biyu zuwa uku. Akwai mai karanta hoto, wanda daban yake da ma'aikacin da ya ɗauki hoton.

Wannan bambanci na ƙarshe ya shafi mutane da yawa da muke kira likita. Mai gashin ƙashi da ke koya wa wanda ya shanye tafiya, mai auna ido ya ba da tabarau, masanin ɗakin gwaji, mai haɗa magunguna, nas, duk ƙwararru ne masu digirinsu da lasisinsu, kuma asibiti ba ya kwana ɗaya babu su. Amma kowa da iyakarsa. Mai tabarau na ƙwarai in ya ga alamar gilakoma tura ka zai yi, ba zai yi maka tiyata ba. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne wanda bai taɓa cewa "wannan ba nawa ba ne".

Fanni guda kuma marar lafiyarsa gari ne sukutum. Likitan lafiyar al'umma ba ya tambayar me ke damun wannan yaro, tambayarsa me ya sa yara goma daga unguwa ɗaya suka zo da abu ɗaya a mako ɗaya. Irin wannan tambayar ce ta gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara a 2010, bayan yara ɗaruruwa sun mutu saboda ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Aikinsu ne rigakafin sanƙarau kafin zafi ya shigo, da bin rijiyar da ta jawo kwalara. Marigayi Farfesa Umaru Shehu, wanda ya koyar da fannin a nan Zariya, yana cikin dattawan da suka tsaya aka shawo kan mutane lokacin da aka ƙi allurar shan inna, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020.

Rarrabuwar nan tana da nata tsadar, ba zan ɓoye ba. Ciwo bai san sassan asibiti ba. Mai suga na shekara goma sha biyar yana buƙatar likitan suga, da na ido don tana cin jijiyoyin bayan ido, da na ƙoda, da na fiɗa in ƙafa ta yi gyambo. Kowanne da ranarsa, da layinsa, da kuɗin motarsa. Wanda ya taso daga Giwa ko Soba ko Ikara tun asuba zai iya yin zuwa huɗu a wata, kowane likita ya duba yankinsa ya ƙara ƙwaya biyu, babu wanda ya zauna ya kalli ledar maganin gaba ɗaya. Ga shi ƙwararrun sun taru a manyan birane, ga masu tafiya Ingila da Saudiyya kowace shekara, sai ranar ganin likita ta koma wata biyu ko uku. Wannan ne ke mayar da mutane kemis, inda mutum ɗaya ke zama likitan komai kuma babu layi. Abin da ke rage wannan wahala shi ne a samu likita ɗaya na gama-gari da ya san mutum, shi ke turawa, wurinsa kuma ake dawowa da abin da ƙwararru suka ce, sannan duk inda za a je a tafi da magungunan da ake sha dukkansu, har da na gargajiya.

Haka muka yi wa Gwaggo. A zama na biyu likitan zuciya ya ce a zazzage jakarta a kan tebur. Cikin abin da ya fito har da wasu jajayen ƙwayoyin ciwon gwiwa da ta shekara tana saye a kemis, waɗanda ke riƙe ruwa a jiki suna kuma wahalar da ƙoda. Ya ware su gefe ya ce, "Mama, waɗannan kin yi sallama da su." Ya hana ta kanwa, ya ce a rage gishiri da dunƙule a miya, abin da har yau ba ta yafe masa ba. Kafin wata ya cika silifa ta koma shiga.

Da ƙafa ta saɓe sai ta fara cewa tana ganin hazo-hazo, ba ta iya zura zare a allura. Likitan iyalin ya haska idon da 'yar tocila ya ce yanar ido ce, ya rubuta takarda zuwa sashen ido. Ranar da muka je, Kawu ne ya riƙe mata hannu har cikin ɗaki. Wanda ke zaune a bayan na'urar ya ɗago kai, ya cire tabarau ya ce, "A'a, Alhaji, sannu da zuwa. To yanzu kam an zo wurina. Mama, matso ki ɗora haɓarki a nan."